Ƙwan da aka sa wa taya

Duk lokacin da na yi waya gida aka tambaye ni sana'ar da nake yi a Kanada, sai na ɗan yi jim. In na ce tirela nake gyarawa, Yaya zai ɗauka irin mai ɗauko siminti daga Obajana ce. In na ce ɗaki, a ce ashe magini na koma. Ranar da na gaji na tura hoto, Hajiyarmu ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Kai, wannan ai ƙwai ne aka sa wa taya." Ba ta san ta faɗi sunansa na gaskiya ba, don masu abin a nan ma ƙwai suke ce masa.

Ɗan ɗaki ne na faiba da ake ɗaura wa mota a baya, a ja shi zuwa bakin tafki ko daji a yi kwana biyu. A ciki akwai tebur da ke komawa gado, da kujera mai komawa gado biyu sama da ƙasa, da murhun gas mai kai biyu, da wurin wanke kwano. Ni tafi-da-gidanka nake ce masa, don ya fi wayar hannu da kotun 'yan duba-gari cancantar wannan suna.

A Ƙofar Ruwa na koyi aikin faiba, a hannun wani fanal bita da ke liƙe bamba da fasassun sassan motocin Kwatano. Da na zo Winnipeg na fara da gyaran ƙananan jiragen ruwa a shagon wani, tunda Manitoba ƙasar tafkuna ce. Yanzu ina da garejina mai cin ƙwai biyu, uku in an matsa. Mu uku ne: ni, da ɗan yayata da ya zo karatu yake taya ni ranakun da ba lacca, da wani dattijo mai walda da ke zuwa in aikin ƙarfe ya taru.

Sai da na fara sana'ar na gane cewa a mahaifar abin nake zaune. A nan Winnipeg aka fara ƙera Boler, sanannen samfurin wannan ƙwai, a 1968. Wani dillalin motoci mai suna Ray Olecko ne ya ƙirƙiro shi, mutumin da kafin nan ya ƙera tankin masai na faiba, kuma in ka dubi Boler da kyau za ka ga dangantakar. Shi da abokin aikinsa Sandor Dusa suka yi mazubin. Abin da yake so shi ne ɗakin da zai ɗauke shi da matarsa da 'ya'yansa biyu, kuma ƙaramar mota ta iya ja. Tsawonsa ƙafa 13 har da bakin da ake ɗaurawa, ɗakin kansa wajen ƙafa 10. An ci gaba da yin sa a masana'antu daban-daban har zuwa 1988. A 2018, da ya cika shekara 50, masu shi suka yi gangami a garin nan, suka zo daga ko'ina a Kanada da Amurka. Na je kallo, na ga launukan da ban taɓa zaton mai hankali zai shafa wa abin hawa ba.

Dabarar ƙirar ita ce sirrin tsawon ransa. Sauran ɗakunan ja na wancan zamani katako ne aka lulluɓe da gwangwanin alminiyam, ko'ina mahaɗa, kuma kowace mahaɗa ƙofar ruwa ce. Ruwa ya shiga, katako ya ruɓe, shi ke nan. Shi kuwa ƙwai ɓari biyu ne kamar ƙwarya da murfinta, na sama da na ƙasa, aka haɗe su a tsakiya aka ɗaura masa ɗamarar alminiyam. Faiba ba ta tsatsa, ba ta ruɓewa, gara ba ta ci. Abin da ke mutuwa shi ne duk abin da aka jingina mata: ƙarfen da take zaune a kai, robar tagogi, katakon daɓe, da kuma gyaran da mai ita na baya ya yi da hannunsa.

Nemo su rabin sana'ar ne. Waɗanda ake tallatawa a shafin saye da sayarwa na Kijiji da Facebook tuni masu su sun san darajarsu, kuma kafin ka ɗauki makullin mota wani ya riga ka. Na kirki suna ƙauye, bayan rumbunan manoma. Lokacin fita kuwa gajere ne: ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, bayan dusar ƙanƙara ta narke, kafin ciyawa da ganye su rufe komai. Nakan bi hanyoyin burji a hankali, ɗan yayata na leƙen dama ina leƙen hagu. Ba launi muke nema ba, don yawancinsu sun koɗe sun yi kore da gansakuka. Siffa muke nema: abu mara kusurwa a wurin da komai ke da kusurwa. Na ga wanda aka mayar akurkin kaji, na ga wanda aka cika da tsofaffin tayoyi, na ga wanda aka cire wa taya ake jan sa kan tafki in ya daskare, a huda ƙanƙara a kama kifi daga ciki.

A nan duk ƙwai Boler ne a bakin mutane, kamar yadda duk garin wanki Omo ne a gida. Amma akwai bambanci. Trillium, wanda aka yi a Ontario, ya fi faɗin kafaɗa, kusurwoyinsa ba su kai na Boler zagaye ba, tagoginsa masu buɗewa falle-falle ne irin luba. Scamp kuwa ɗan Boler ne na cikinsa: iyalin Eveland a garin Backus na jihar Minnesota sun fara ne da ƙera wa reshen Boler na Amurka, da reshen ya durƙushe suka ci gaba da nasu, kuma har yau suna yi. Wannan ya yi mana rana, don wasu kayan Scamp sukan hau tsohon Boler da ɗan gyara kaɗan.

Ƙwanƙwasa ƙofar manomi kuma wani karatu ne. Ba a zuwa lokacin shuka, ba a zuwa lokacin girbi, ba a fara maganar kuɗi. Baƙo ne kai, baƙar fata, a ƙofar mutum a tsakiyar gona; sai ka tsaya inda za a gan ka daga taga, ka gaisa, ka ce ka hango wani tsohon Boler, ko na mahaifinsa ne? Kusan kullum akwai labari a bayansa, kuma sai ka saurari labarin kafin a ba ka izinin buɗe ƙofa.

In an buɗe, hanci ne ke fara aiki. Warin ɓera daban, warin fumfuna daban. Na ɓera ba ya tayar mini da hankali, wanki ne da sabon wayarin. Na fumfuna yana nufin ruwa ya daɗe yana shiga, sai in bi daɓe da ƙafa ina dannawa, musamman ƙarƙashin tagogi da bakin ƙofa. Daga nan in dubi ƙofar kanta. In ƙasanta ya buɗe baki har kana ganin haske, ko dai maƙalanta sun gaji, ko jikin ɗakin ya fara bajewa. Sannan rufi. Mutane ba su san cewa kabad ɗin kaya da ɗan ƙarfen da ke tsaye a kicin su ne ginshiƙan ɗakin ba. Wani sai ya cire su don ya sami fili, dusar ƙanƙara ta kwanta a kai wata biyar, rufin ya lotsa kamar faranti.

Amma duk wannan ba shi ne hukunci ba. Hukunci yana ƙasa, kuma da kuɗina na sayi wannan darasi. Ƙwan da na fara saya yana ƙyalli, an yi masa sabon fenti ruwan ƙwai da fari, labule sabo, har da furen roba a tebur. Na zagaya shi sau biyu, na ɗan leƙa ƙasa ina tsaye, na biya. Ban yi kilomita 30 ba na ji motar tana wani irin lilo. Na tsaya gefen titi na kwanta, sai ga ƙarfen shasi ya tsage daidai inda yake lanƙwasa ya shige ƙarƙashin ɗaki, gefe ɗaya saura ƙiris ya rabu. An cike tsagar da bodi fila an shafe da baƙin fenti. Ni da na yi shekaru ina shafa fila a Kano, aka yi mini wayo da fila. Kuɗin motar da ta ɗauko mu ya kusa rabin kuɗin ƙwan.

Tun daga ranar, kwali da tocila da ƙaramar guduma ba sa barin motata. Nakan kwanta in bi ƙarfen taku-taku ina bugawa. Lafiyayye yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci daga ciki sai ya yi maka shiru kamar ka bugi buhu. Sannan in sa jak in ɗaga gefe ɗaya ina kallon taya. Aksil ɗinsu ba sifirin gare shi ba, roba ce a cikin bututu take karɓar gargada. In na ɗaga ɗakin taya ta ɗan sauko kafin ta bar ƙasa, robar na da rai. In ta tashi tare da shi kamar an yi musu walda, ta mutu, kuma duk ramin da aka faɗa shekara da shekaru shasi ne ya sha shi. Robar da ta haura shekara 40 kuwa ba a yi mata gyara, sabon aksil ake sawa.

Shi ya sa aikinmu daga ƙasa yake farawa. Mu kwance notunan, mu ɗaga ɗakin mu ɗora a kan katako, mu jawo shasin waje. Dattijo mai walda ya dube shi ya ce a gyara ko a ƙera sabo, kuma ba na yi masa gardama. Sai tagogi: a cire su duka, a kankare, a mayar da sabuwar roba da liƙin butil. A nan ne nake zagin silikon a zuciyata. Duk wanda ya ga ɗigon ruwa sai ya sayo bututu ya matse a kai. Ba ya hana ruwan, kuma inda ya taɓa, fenti ba ya kamawa, rezin ba ya kamawa, shi kansa sabon silikon ba ya kamawa. Ɗan yayata ya taɓa kwana uku da reza a hannu a kan rufi ɗaya. Rana ta uku ya sauko ya ce, "Kawu, wanda ya yi wannan aikin dai Allah ya isa." Na ce masa ya yafe, mutumin ya rasu, matarsa ce ta sayar mana.

Ɗinkin faiba shi ne inda hannuna ya fi sakewa. Ba a cike rami kai tsaye. Sai ka gurje bakinsa ya yi gangare mai faɗi, wajen ninki 12 na kaurin jikin, ka goge da asiton, ka yanka tabarmar faiba falle-falle, kowane da girmansa. Ka dama rezin da 'yan ɗigon hadana mai sa shi daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ka jiƙa falle ka kwantar, ka bi da buroshi kana dannawa har farin ya ɓace ya koma garai-garai, ba kumfar iska ko ɗaya. A Kano, a zafin Afrilu, rezin kan daskare a gwangwani kana cikin juyawa, har ya yi hayaƙi in ka cika hadana. A nan kishiyar haka ce. Ƙasa da digiri 15 ba ya son kamawa, ga shi a Janairu waje kan kai 30 ƙasa da sifili. Kuɗin ɗumama gareji ya fi kuɗin rezin. Ƙaiƙayin kuwa iri ɗaya ne a duk duniya. Uwargida ta hana kayan aikina shiga injin wankinta.

Fatar waje, wadda ake kira jelkot, ita ce ke jawo mini musu da masu saye. In ka shafa hannu ka ga farin gari kamar alli, ba mutuwa ta yi ba, rana ce ta ci samanta. Samfefa mai laushi da ruwa, sannan man goge, sai ka ga launin 1974 ya dawo. Ni na fi son haka. Fenti yana ɓoye tarihi, kuma na gaya muku abin da fenti ya taɓa ɓoye mini. Amma in faci ya yi yawa dole a fesa, kuma matasa masu son ɗaukar hoto su fenti suke so, kowa da launin da ya gani a waya. Ina yi musu, kuɗinsu ne. Abin da ba na yi shi ne taɓa bututun gas. Wannan mai lasisi nake kira, kuma ba ƙwan da ke fita garejina ba tare da na'urar da ke ƙara in iskar guba ta taru ba. Ɗaki ne ƙafa 10 da mutum huɗu ke barci a ciki da ƙofa a rufe.

Riba tana nan, amma ba ta gaggawa. Muna saye da bazara, mu yi aiki duk hunturu, mu sayar in Mayu ta kama. Wanda bai sayu ba zuwa ƙarshen Agusta zai kwana maka a gareji har baɗi. A shekara nakan gama huɗu ko biyar daga tushe, sauran lokacin ƙananan gyare-gyare ne ke biyan haya.

Ɗaya na riƙe wa kaina, Trillium ne kore. Da shi muke zuwa dajin shaƙatawa na Birds Hill da yara in an yi hutu. Tsayin cikinsa ya ishe ni tsayuwar salla, faɗin kuwa sai dai mu yi ɗaya bayan ɗaya, ko mu shimfiɗa tabarma a waje in sauro ya yarda.

Akwai kuma wani Boler da nake bi shekara 4 ke nan, a bayan gidan wata tsohuwa arewa da garin Gimli. Jelkot ɗinsa na asali ne, ba a taɓa sa masa silikon ba, na kwanta na buga shasinsa ya amsa. Duk Mayu nakan je, ta ba ni shayi, ta ba ni labarin tafiyar da suka yi da mijinta zuwa bakin teku a cikinsa, sannan ta ce ba bana ba. Bara da na ga tayoyin sun nutse a ƙasa na roƙe ta ta bar ni in ɗora shi a kan bulo in rufe masa tagar rufi. Ta yarda, ta tsaya a kaina har na gama, ta karɓi makullinta ta sa a aljihu.