Ƙannena, kada ku mai da annabci kalanda

A ƙarshen 1999, lokacin da ake ta yayata cewa kwamfutocin duniya za su rikice da shigowar 2000, ina cikin masu buɗe Ru'ya ta Yohanna suna kasa kunne ga labaran rediyo, ana ta buga lissafi. Duk yaƙin da aka ambata sai in ce, ga alama nan. Har karatuna na ajiye, wai me takardar shaida za ta tsinana wa wanda duniya ke shirin tashi a kansa? Da bakina nake kiran wannan bangaskiya, alhali tsoro ne tsagwaronsa. Sabuwar shekara ta shigo lami lafiya, tsarana suka yi gaba suka bar ni. Kuma Matiyu 24:36 na nan tun fil azal: ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama.

Littafin Irmiya ne ya gyara mini zama. Yawancinku kun haddace 29:11, inda Ubangiji ya yi alkawarin shiri na alheri da bege, amma ku nawa kuka karanta surar daga farko? Wasiƙa ce zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe daga Urushalima zuwa Babila. Wani annabin ƙarya mai suna Hananiya ya yi wa mutanen Urushalima albishir mai daɗin ji, cewa cikin shekara 2 komai zai dawo, har ya karya karkiyar da ke wuyan Irmiya a gaban jama'a. Hananiya bai ga ƙarshen wannan shekarar ba. Irmiya kuwa ya rubuta cewa sai an cika shekara 70. To, a yi me kafin nan? Ku gina gidaje, ku dasa lambuna, ku yi aure ku aurar, ku nemi lafiyar birnin da aka kai ku bauta.

Abin da ya fi ratsa ni yana sura 32. Sojojin Babila sun kewaye birnin Urushalima, shi kansa annabin yana tsare, sai ya auna shekel 17 na azurfa ya sayi gonar ɗan baffansa Hanamel a Anatot. Ya sa shaidu suka rattaba hannu, ya ce a adana takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Mai ganin idon duniya zai ce asarar kuɗi ce kawai. Amma mutumin da ya fi kowa sanin birnin zai faɗi shi ne ya sayi gona, domin Allah ya ce za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar.

Don haka in wani ya turo muku saƙo a waya ɗauke da rana da watan tashin duniya, ku tambaye shi sura da aya, sannan ku karanta surar gaba ɗaya da kanku. Ku kuma duba halin da ya bar ku a ciki. Bulus da ya gama bayanin zuwan Ubangiji a 1 Tasalonikawa 4, cewa ya yi a ta'azantar da juna da waɗannan kalmomi. In wa'azi ya hana ku barci har kuka fara tunanin fasa jarrabawa ko barin sana'a, ku kai maganar gaban fasto ko wani dattijon ikilisiya kafin ku yanke komai.