Waɗanda suka kwashe mana laka

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, a Satumban 2024, ina unguwar Gwange a Maiduguri. Kafin gari ya waye ruwa ya kai mana ƙugu. Wanda ya goya tsohuwata zuwa tudu ɗan dako ne, wanda kullum nake ja-in-ja da shi kan naira ɗari biyu.

Da ruwa ya janye, shagon ɗinkina laka ce har gwiwa. Leburori suka kwashe ta da shebur da baro, wani makaniki ya kwance kekunana biyu ya wanke da kananzir. Ɗaya ya tashi, ɗayan har yau shiru.

Bana tun kafin damina mu 'yan layi muka yi karo-karo, samari suka yashe kwatoci. Nawa kason, ko tayi ban yi ba.