Ranar da Kawu ya ba ni riƙon igiya a Tiga

Jiya na raka Kawu duba raga a Dam ɗin Tiga. Ya gaji da tuƙi, shi ne ya ɗinke buhunan taki guda huɗu, ya kafa gora a gaban kwale-kwalen ya rataya su a kai, iskar hunturu tana tura mu.

Ya miƙo min igiyar da ke ɗaure da buhun ya ce, "Idan bakin buhun ya fara kaɗawa, ja kaɗan har ya yi shiru. Iska ta taso, saki." Hannuna ya yi zafi, sai na ɗaure ta a jikin katakon zama. Wallahi iska ɗaya ta bugo, jirgin ya kwanta gefe, ruwa har idon sawu. Kawu ya fizge ƙullin, muka shiga kwarfa da ƙwarya, jikina yana ɓari.

A dawowa dole muka naɗe buhun muka koma tuƙi, domin ƙasan jirgin a shafe yake, ba ya iya fuskantar iska, gefe kawai yake zamewa.

A gaɓa ya nuna min inda rana ta cinye igiyar, har tana zubar da gari. Gobe zan sayo masa sabuwa, da kwaltar liƙe tsagar da muka gani.