Ƴar kwalbar da na jefa a akwatin kayan aiki

Ni dai a da in na kashe wuta na sa tasta ba ta kama ba, shikenan a wurina abu ya mutu, sai ranar da muka je kwance tsoffin fanel na lantarki a wata masana'anta da aka rufe.

Muna ciro kayan kariyar tsawa na ci karo da wasu ƴan kwalabe, kowacce ba ta wuce babban yatsa ba, da ƙarafa biyu a ciki suna kallon juna ba su haɗu ba. Ɗaya ta ba ni sha'awa na jefa ta akwatina, sauran aka loda da tarkace. Bayan kwana huɗu motar na isa ƙofar kamfanin narka ƙarfe na'urarsu mai gano radiyeshan, wato tururin nukiliya mai cutarwa da ido ba ya gani, ta hau kuka, suka dawo mana da lodin kaf, oga ya kira ni rai a ɓace wai me muka zuba. Lokacin na ga kamar tsanani ne kawai, ashe a 1998 an taɓa narka sisiyam-137, wani sinadari mai fitar da radiyeshan, cikin tarkace a Sifen, har Faransa da Italiya sai da aka gano shi a iska.

Wanda aka turo da mitar Gaiga, mai auna radiyeshan, ya bi tarkacen a hankali, yana zuwa kan kwalaben mitar ta rikice, ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa. Ya goge ƙura ya nuna min ɗan rubutu, Ra-226. Radiyam, shi ma sinadari mai fitar da radiyeshan! Wai da gangan ake sa ɗan mitsitsi don gas ɗin ciki ya zauna a shirye, wuta na yin yawa tartsatsi ya tsallaka nan take ko cikin duhu, wasu kuma kiripton-85 ake sa musu. Shi radiyam sai ya shekara 1600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, ba ruwansa da ka kashe suwic.

Gabana ya faɗi, na ce malam akwai ɗaya a akwatina fa. Ya ce ta fashe? Na ce a'a. Ya ce to da sauƙi, masifar ita ce ta fashe ka shaƙi ƙurar ko ka kai hannu baki. Ni ko niyyata in murƙushe ta da filaya in ga ciki, Allah ne kawai ya tsare.

Yanzu duk tsohuwar kwalba da ban sani ba sai na haska tocila na karanta jikinta, na daina dogara da alamar nan ta gargaɗin radiyeshan mai kamar fanka don na ranar ba ko ɗaya mai ita. In na yi shakka na ware ta gefe a roba mai murfi, ba fasawa ba aljihu, na kira mai mita.