Cire ciyawar ado a dasa na gida: inda ake samun iri da shawara a Zariya

Filin ciyawa mai mita 10 tsawo da 10 faɗi yana shan kusan lita 500 kullum a watan Maris in ana so ya zauna kore shar. Jarka 20 ke nan mai cin lita 25. Ruwan Zariya kuwa daga Mayu zuwa Oktoba yake, sauran watannin sai rijiya ko mai kura. Gamba da sabara da gauɗe ba su san wannan wahala ba, don nan aka haife su. Matsalar ita ce samunsu, domin masu lambun furanni na bakin titi yawanci tsirran ƙasashen waje suke sayarwa. Ko darbejiya da muke ganin tamu ce daga Indiya ta zo, turare daga Ostareliya, malaina daga Asiya.

Kafin neman iri, a tabbatar da suna. Sunan Hausa ɗaya yakan hau tsiro biyu, kamar kalgo, wani kuma sunansa a Zazzau daban, a Sakkwato daban. Ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel ya fitar a 1916 yana nan a intanet, kuma har yau yana da amfani. In an rasa gane tsiro, a karyo reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, a danne shi a tsakanin jarida, a kai sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello inda ake adana busassun samfura. Hoton ganye kaɗai a waya ba ya isa.

Maganar ciyayi, a nufi NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, don sun daɗe suna aiki a kan gamba saboda kiwo. Maganar itatuwa kuwa, akwai tashar binciken gandun daji a Samaru. Amma kada a raina makiyayi da mai saƙar zana da mai sayar da saiwoyi a kasuwa. Su ne suka san inda jema take a bakin kogin Galma ko Kubanni, da lokacin da 'ya'yan kanya ke nuna. A ɗebo iri, a bar uwar a inda take. Itacen daji da aka tono yawanci mutuwa yake yi, don saiwarsa ta riga ta nutsa.

Kashe tsohuwar ciyawa shi ne inda aka fi faɗuwa. A daina ban ruwa tun Fabrairu, a sa fartanya a tono zuwa zurfin santimita 15 zuwa 20, a shanya saiwoyin a zafin ranar Afrilu. Kiri-kiri da aya-aya suna tashi daga ɗan guntun da bai kai yatsa ba, saboda haka yankewa ta sama ɓata lokaci ne. A rufe wurin da baƙar leda kamar mako shida, a danne gefuna da duwatsu. In ruwan farko ya sauka a jira mako biyu, a cire abin da ya sake tsirowa, sannan a yi dashe a Yuni ko farkon Yuli lokacin da ƙasa ta jiƙu sosai. Mai gaggawar dashe da yayyafin Afrilu, rana ce za ta cinye masa.

Gamba ta fi kamawa idan aka tsaga tushenta aka dasa, kara uku ko huɗu a rami, tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya. Irinta mai gashi ne, tsirarsa ba tabbas. Tana wuce tsayin mutum, don haka wurinta bayan fili ne ko jikin katanga, ba bakin ƙofa ba. A Nuwamba a yanke ta a bar kamar taƙi ɗaya, in ba haka ba ta zama makamashin gobara da maɓoyar maciji a hunturu. Karan kuma zana ce. Jema ta fi son inda ruwan indararo ke zuba. A gaba a sa gajeru: moda a inuwa, albasar kwaɗi inda ke riƙe damshi, rawaya da ke fure a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe. Kariya kyakkyawa ce, amma ruwanta guba ne, gidan da ke da yara a yi tunani. Tofa kuwa, duk da 'yar gida ce, kada a kusance ta. In ta shiga fili ba ta fita.

Kalwa da ƙwallon tsamiya ɓawonsu tauri gare shi. A ɗan goga gefe da dutse, ko a zuba musu ruwan zafi da aka sauke daga wuta a bar su su kwana. A tabbata kalwar ɗanya ce, ba wadda aka dafa don daddawa ba. Ƙwallon kaɗanya akasin haka ne, a shuka shi da ɗanyensa cikin 'yan kwanaki, kuma mai shi ya sa haƙuri, shekara 15 ba komai ba ne kafin ta yi 'ya'ya.

Ramin itace ya zama rabin mita faɗi da zurfi. In aka ci karo da marmara a fasa ta da diga, don ramin da ke kan marmara tukunya ce, ruwan Agusta zai taru ya ruɓar da saiwa. A cakuɗa kwano uku na ƙasar sama da ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara, haka ma ciyawar da ake rufe ƙasa da ita in ta taɓa gindin dashe. A bar tazarar tafin hannu. Ɗorawa da maɗaci su yi nisan mita 10 daga harsashin gini da sokawe. Ƙaramin fili gara gwandar daji ko tsada.

Ranin farko dai sai an shayar: bokiti ɗaya ga kowane itace sau biyu a mako, da yamma, a kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Daga damina ta biyu a rage, a ta uku a daina.