Gadin faifai

Mu huɗu ne a kamfanin, aikinmu kula wa wasu kamfanoni da rumbunan bayanansu, yawanci a kan PostgreSQL, wata manhajar ajiye bayanai cikin tebura. Cikin ayyukan duka babu wanda ya fi cin rai kamar gadin faifai, wato lura da ma'ajiyar na'ura kada ta cika. Ba mai yaba maka a kansa, sai ranar da ka yi sake kowa ya san sunanka.

Na taɓa yin saken. Ƙarfe biyun dare waya ta tashe ni, wai rumbun wani abokin cinikinmu ya tsaya cak. Ido rabi a buɗe na buga df -h, umarnin da ke nuna cikar faifai, sai ga 100%. Abin mamaki, teburansa duka ba su ci rabin faifan ba. Ashe ɓarnar tana cikin pg_wal, inda rumbun ke fara rubuta kowane canji kafin ya kai shi tebur, a fayiloli masu megabait 16 kowanne. Watanni kafin nan mun kashe wata na'ura da ke kwafar bayanai daga wannan rumbun, muka manta ba mu goge gurbinta ba, wato alamar da ke sa rumbun ya riƙe mata fayilolin da ba ta kwafa ba tukuna. Shi kuwa rumbun ya yi ta tara mata fayiloli yana jiran ta dawo, har wuri ya ƙare ya kashe kansa. Yaron aikina ya ce, "Oga, mu share tsofaffin mana." Na ce kul! Wanda ya sa hannu ya goge fayilolin nan yana iya lalata rumbun ɗungurungum. Faifai muka ƙara, rumbun ya tashi, sannan muka cire gurbin. Tun sigar PostgreSQL ta 13 akwai saitin max_slot_wal_keep_size mai sa wa wannan tari iyaka, kuma yanzu ba ma karɓar aiki sai mun saita shi.

Abin da ya fi wuyar fahimtar da masu rumbu shi ne gogewa ba ta rage girma. Mutum zai goge rabin teburinsa, ya duba faifai, ko gezau. Ko gyara layi ka yi, sabo ake rubutawa, tsohon ya zauna a mace. Umarnin shara, VACUUM, yana share wurin don teburin ya sake amfani da shi, amma galibi ba ya mayar wa na'urar. VACUUM FULL ne ke mayarwa, sai dai yana kulle teburin, kuma yana neman wurin da zai rubuta sabon kwafi. Idan faifai ya riga ya cika, ina za ka samo masa?

Yanzu kowace safiya muna ajiye sakamakon pg_total_relation_size, ma'aunin girman tebur, na manyan tebura, saboda yana haɗawa har da fihirisa, jerin da ke saurin nemo layi, wadda wani lokaci takan fi teburin kansa ƙiba. Ni 80% ba ta tayar mini da hankali idan ta shekara a haka. Wanda nake kira da sassafe shi ne mai 40% jiya, yau 46%.