Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Na Koyi Roƙo a Kantin Kwari

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya inda aka naɗa ni sakatariyar kwamitin jinƙai na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta tsangayarmu, ni da ko gishiri ya ƙare a gida sai dai Inna ta aiki ƙanwata maƙwabta, don ta san bakina ba zai buɗu ba. To ga yadda ta kaya.

Shekarar 2016 ce, ina aji 3 a jami'a. Duk wanda ya zauna a Kano a wannan shekarar ba sai an tuna masa ba. Gobara ta ci kasuwar Singa a watan Fabrairu, ba a gama jaje ba ta Sabon Gari ta tashi a ƙarshen Maris, ta lashe dubban shaguna. Dala ta yi tashin gwauron zabo a hannun 'yan canji na Wapa. Tumatir ma ya yi ɓatan dabo saboda tsutsar da ta afka wa gonakin Kadawa, har gidaje da yawa suka koma kuka da kuɓewa ba don suna marmari ba. A cikin wannan hali ne mu kuma muka zauna a ƙarƙashin darbejiyar bayan masallaci muka ce sai mun ɗinka wa marayu kayan sallah, mun kuma saya wa wasu marasa lafiya magani. Azumi zai kama a makon farko na Yuni. Kuɗin da ke asusunmu kuwa, ma'aji da kansa kunyar faɗa yake ji.

Wani ya ce mu yi irin ranar tsumma da ɗalibai ke yi, a sa yagaggun kaya a tsaya a danja ana kaɗa gwangwani. Na ce indai Baba ya hango ni a shataletale da gwangwani a hannu, to karatuna ya ƙare a ranar. Wata ta kawo shawarar a sayar da tikiti, wanda ya yi sa'a ya ci wayar hannu. Ustaz ɗinmu bai bari ta dire ba ya ce wannan caca ce, ko da sunan marayu aka yi ta. Daga ƙarshe aka tsaya a kan kasuwar sadaka: mu roƙo kaya kyauta daga kamfanoni da 'yan kasuwa, mu baje su a makaranta rana guda, ɗalibai da malamai su saya, kuɗin ya shiga asusu. A baki abu mai sauƙi. Aka ce sakatariya ta rubuta takarda.

Na rubuta kuwa, da Turancin da na fi ji da shi. Kwana 2 ina gyara. Aka buga a takarda mai tambarin ƙungiya, aka sa hannu, aka danna hatimi, muka yi kwafi 40. Ni da Amirarmu muka ɗauki shatar A Daidaita Sahu muka nufi Sharaɗa, washegari Bompai, jibi Challawa. Muna cikin wannan zirga-zirga litar fetur ta tashi daga naira 86 da kobo 50 zuwa 145, mai Adaidaitan ya ce shi ma lissafi ya canja.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin ƙofofin kamfanoni ba, don kusan duk iri ɗaya ne. Maigadi zai leƙo ta ƙaramar taga, ya karɓi ambulan, ya ce manaja ya fita. A wani wurin aka bar mu muka shiga, wata mata ta yi mana bayani cikin mutunci cewa irin wannan buƙata sai ta je babban ofishinsu na Legas, kuma wata 3 kafin ranar taro ake kawowa. A takarda 40, amsa 2 muka samu. Wani kamfanin ruwan leda ya ba mu jaka 50, da sharaɗin mu rataya tutarsu a wurin taro mu kuma aiko musu da hoto. Wani na biskit ya ba mu kwali 6, da muka duba gefe saura makonni kaɗan wa'adinsu ya cika. Mun gode dai, kyauta ba ta kaɗan.

Ranar wata Juma'a na koma gida jiki a sanyaye, na tarar da Kawu, ƙanin Inna, yana cin dambu a tsakar gida. Tebur gare shi a Kantin Kwari tun ina goye. Na ba shi labari, na miƙa masa kwafin da ya rage. Ya juya takardar gaba da baya, ya yi dariya har da ƙwarewa.

"Yanzu ke wannan za ki kai wa mutanen Kwari? Wallahi sai dai su naɗe goro da ita. Ɗan kasuwa ba takarda yake ba wa ba, fuska yake ba wa. Wa ya san ki? Wa ya tsaya miki?"

Ya ce in same shi ranar Litinin, amma kada in kuskura in zo da safe, don ba a buɗe wa mutum shago da roƙo tun bai yi cinikin fari ba. In bari sai an sauko daga Azahar, an ci abinci, baƙin Nijar da Chadi da Kamaru sun gama ɗaurin kayansu. Sannan ya ja min kunne a kan wata kalma guda: kada in ce "a taimaka da abin da ya sawwaƙa". Mai faɗin haka, in ji shi, naira 200 ake miƙa masa a ce Allah ya ba da sa'a. In faɗi sunan abin da nake so. A kowane shago akwai atamfar da yayinta ya wuce, akwai turmin da rana ta ci gefensa a wurin talla, akwai guntayen shadda da yadi da suka rage a ƙarshen bandir. Mai shago ya san ba za su fita da daraja ba, wuri kawai suka tare masa.

Ranar Litinin na bi bayan Kawu ta cikin lungunan nan da ba a ganin rana, 'yan dako na ta "hanya, hanya" da dila a ka, har muka hau wani bene. Alhajin da ya kai ni wurinsa yana zaune kan darduma, ya jingina da tulin atamfa, carbi a hannu ɗaya, na'urar lissafi a ɗayan. Kawu ya cire takalmi ya durƙusa, ni ma na zube daga bakin ƙofa.

"Alhaji, barka da kasuwa. 'Yar wajen Yaya ce, tana jami'a. Wata magana ce da ita."

"'Yan boko ne. To 'yata, me ke tafe da ke?"

Sai kawai na kama zuba abin da na haddace daga takardata, manufofin ƙungiya da muhimmancin tallafa wa al'umma. Ya bar ni na yi kamar minti 1, sannan ya ɗaga hannu.

"Yaran su nawa ne?"

Na yi tsuru-tsuru.

"Maza nawa, mata nawa? Babban cikinsu shekararsa nawa? Ke da za ki yi wa mutum riga ba ki san tsawonsa ba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata guda muna yawo da sunan marayu, amma a cikinmu babu wanda ya taka ya je ya ƙirga su. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce in je in dawo, shi yana nan.

Washegari ban shiga lacca ba. Na je gidan marayun, wata daga cikin iyayen rainon ta zauna da ni muka bi yaran ɗaya bayan ɗaya. Yara 58 na rubuta, kowa da shekarunsa. Akwai wata 'yar shekara 6 da ta tsaya a kaina tun farko har ƙarshe, da na zo kanta ta ce in rubuta ja take so. Na rubuta a gefen sunanta.

Ranar Laraba na miƙa wa Alhaji wannan takardar, da Hausa, da biro. Ita kam ya karanta ta, layi-layi, yana bi da yatsa. Da ya zo kan "ja take so" ya yi murmushi, ya kira yaronsa ya ce a sauko da na saman can. Ya kasa kayan gida 2. Kashi ɗaya ya ce na yara ne, kada a sayar da ko ƙyalle, a kai wa tela kai tsaye, turmi guda yadi 6 ne, zai yi wa ƙanana 2 har da ɗankwali. Ɗaya kashin, turmi 15 na tsohon yayi, ya ce mu kai kasuwar tamu, kuma mu gaya wa masu saye ba a tayi a kayan marayu. Sai ya dube ni sosai.

"Sharaɗina ɗaya ne, 'yata. Kada in ji sunana a bakin kowa. Tsakanina da Ubangijina ne."

Na ce in sha Allahu, Baba.

Abin da ya fi atamfar amfani shi ne yaron da ya haɗa mu da shi. Inda duk muka shiga, yaron zai ce "Alhaji ne ya ce a kawo su", shi ke nan. A Ƙofar Wambai muka samo bokitai da kofunan roba da silifa. A Singa ya kai mu wurin wani bawan Allah da gobarar Fabrairu ta cinye masa shago, yana zaune a wata rumfar kwano da bangon bayanta har lokacin baƙi ƙirin. Ni kunya ta hana ni magana, na ce gaisuwa kawai muka zo. Ya ce ya san abin da ya kawo mu, ya tura mana kwalin taliya 3 da na sabulu 1, ya ce wuta ta ci wanda ya fi wannan kuma ba ta yi masa godiya ba. Amira ta juya baya tana share ido da gefen hijabi. A kwana 3 muka tara abin da wata guda na takarda bai kawo rabin rabinsa ba.

Aka yi kasuwa ranar Asabar ta ƙarshe kafin azumi. Rumfa 2 muka kafa, tutar masu ruwan leda na rataye a gaba kamar su suka shirya komai. Atamfar nan da aka ce yayinta ya wuce, matan ofis suka yi mata rubdugu, kafin La'asar babu ko ɗaya. Wani malaminmu ya sayi bokiti guda a kan naira 5,000 ya kuma bar mana bokitin, muka sake sayar da shi.

Ina can ina ƙirga canji sai na ji lasifika ta ɗauka. Sanƙiran taron, wani ɗan ajinmu mai son a san da shi, ya tsinci littafin lissafina a kan tebur, inda na rubuta wa ma'aji sunan kowa da abin da ya bayar. Kafin in ture kujera in isa wurinsa ya kira sunan Alhaji cikakke, da sunan gidan da shagonsa yake, da adadin turamen, har da kirari, ya ce a yi masa kabbara. Aka yi sau 3. Na fizge littafin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na yi ta lallashin kaina cewa jami'a ina, Kwari ina, na manta rabin 'yan ajinmu iyayensu a kasuwar suke.

Ranar Litinin, 1 ga azumi, ina kwance bayan Azahar wayata ta yi ƙara. Kawu ne. Ko amsa gaisuwata bai yi ba.

"Alhaji na nemanki gobe. Ya ce ki taho da littafin nan naki."

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.